Malam Aminu Kano: Malamin da ya fitar da karatu daga aji

A jami'o'in da ke horar da ma'aikatan jin daɗin jama'a, ba a ba ɗalibi shaidar kammalawa sai ya fita ya yi aiki a asibiti, ko gidan marayu, ko cikin unguwa. Dalili shi ne karatun littafi kaɗai ba ya warware matsalar mai buƙata.

Tun kafin wannan fanni ya kafu a arewacin Najeriya, marigayi Malam Aminu Kano ya gina rayuwarsa a kan wannan aƙida.

An haife shi a unguwar Sudawa da ke birnin Kano a shekarar 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, masanin shari'a ne da ya yi aiki a kotun alƙali, don haka Aminu ya tashi yana ganin yadda hukunci ke shafar talaka.

Ya yi karatu a Midil ta Kano da Kwalejin Kaduna, kuma a 1942 ya fara koyarwa a Midil ta Bauchi. A can ne ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur, inda suka riƙa shirya zaman muhawara kan yadda hukumar gargajiya ke tafiyar da al'amuran jama'a.

Koyarwarsa ba ta tsaya a kan allo ba. Ya riƙa rubuta wasannin kwaikwayo ɗalibai suna gabatarwa, domin su gane zalunci da jahilci da idonsu, su kuma nuna wa iyayensu.

A 1946 ya tafi Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan. Da ya dawo, ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makarantu ta Arewa a 1948, daga bisani aka tura shi kwalejin horar da malamai ta Maru.

A 1950 ya ajiye aikin gwamnati, ya rungumi jam'iyyar NEPU, wadda ya zama shugabanta a 1953. Magoya bayanta sun sha ɗauri da bulala a kotunan hukumar gargajiya.

Duk da haka bai bar malanta ba. Yana cikin waɗanda suka fara kafa makarantar Islamiyya ta zamani a Kano, ya kuma yi amfani da tafsiri wajen kafa hujja kan adalci da ilimin mata da 'yancinsu na jefa ƙuri'a.

A zamanin Janar Yakubu Gowon ya riƙe ma'aikatar sadarwa, daga baya ta lafiya.

Aƙidarsa ta kai ga gonar manomi a 1979, lokacin da jam'iyyarsa ta PRP ta ci jihohin Kano da Kaduna. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Kano, matakin da ya sauke nauyi daga kan manoma da makiyaya har a yankunan Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa. A 1980 kuma aka kafa hukumar yaƙi da jahilci ta jihar.

Sai dai tafiyar ba ta ɗore ba, domin PRP ta rabu gida biyu, Malam da Rimi suka raba gari. Masu suka na ganin hakan ya nuna wahalar riƙe aƙida bayan an hau mulki.

Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilun 1983, bai bar wata dukiya ta a zo a gani ba. Gidansa na Mambayya da ke Gwammaja ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero, inda malamai da ɗalibai ke tattauna matsalolin talakawan da ya yi wa hidima.