Wilhelm Rontgen: Ɗalibin Da Aka Kora Daga Makaranta, Ya Gano Hasken Eksire

Duk wanda ya taɓa karaya aka ɗauki hoton ƙashinsa a asibiti, to ya ci moriyar aikin wani Bajamushe mai suna Wilhelm Rontgen.

An haife shi ran 27 ga Maris, 1845, a garin Lennep na ƙasar Jamus, amma a Holan ya tashi. Yana makaranta a birnin Utrecht aka kore shi, bisa zargin ya zana wani malami don izgili, alhali wani ɗalibi ne ya yi zanen. Haka ya fita ba takardar shaida. Bai karaya ba, ya tafi Zurich ta ƙasar Suwizalan, ya shiga kwalejin fasaha, har ya sami digirin dakta a 1869.

Ran 8 ga Nuwamba, 1895, yana gwaji da wutar lantarki a jami'ar Wurzburg, sai ya lura da wani haske da ido ba ya gani, amma yana ratsa takarda da katako da tsoka. Da yake bai san ko mene ne ba, sai ya sa masa harafin X. A watan Disamba ya ɗauki hoton hannun matarsa, Anna Bertha, ga ƙasusuwa, ga zobenta.

A 1901 ya zama mutum na farko da ya sami lambar Nobel a fannin fiziks. Kuɗin ya ba jami'ar Wurzburg, ya kuma ƙi yin rajistar mallakar abin da ya gano, don kowa ya amfana. Ya rasu a Munich ran 10 ga Fabrairu, 1923, bayan hauhawar farashi ta cinye ajiyarsa.

Amfanin aikinsa bai tsaya a asibiti ba, har samaniya ya kai. A 1990 an harba tauraron ɗan'adam mai suna ROSAT, wanda aka raɗa wa sunansa. Ya hango wannan haske yana fitowa daga Andromeda, wato gungun taurari mai naɗe kamar gammo da ke maƙwabtaka da namu. A tsakiyar irin waɗannan gungu akwai baƙin rami mai haɗiye iskar gas, wadda kan yi zafi har ta fitar da hasken.

Saboda haka, ƙannenmu da suka faɗi jarrabawa ko suka bar makaranta, kada ku yanke ƙauna. Iyaye kuma a daure a sake ba su dama. Allah ya sa mu dace.