Tarihin Karl Koch, Mai Kutsen Da Bai Wuce Shekara 23 Ba

A wannan makon mun kawo muku tarihin wani matashi Bajamushe, ɗaya daga cikin masu kutse na farko da duniya ta san labarinsu.

An haifi Karl Koch a birnin Hanover na Jamus ta Yamma ranar 22 ga Yuli, 1965. Bai ji daɗin ƙuruciya ba. Mahaifiyarsa ta rasu a 1976, mahaifinsa kuma, wanda giya ta yi wa katutu, ya bi ta a 1984. Karl ya gaji kuɗi masu kauri, ga shi babu babba a kansa. Ya sayi kwamfuta, ya kuma faɗa shan hodar iblis. Akwai wani littafin ƙage, Illuminatus!, da ya shiga ransa ƙwarai, har ya ɗauki sunan Hagbard daga cikinsa, ya kuma yarda cewa wata ƙungiyar asiri ce ke juya duniya.

A lokacin babu intanet irin wadda muka sani a wayoyin iyayenmu. Ta layin tarho ake haɗa kwamfuta da kwamfuta, kuma cibiyoyi da yawa ba su damu da canza kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita daga kamfani ba. Karl da abokansa suka riƙa shiga kwamfutocin jami'o'i da kamfanoni da na sojojin Amurka. A 1986 suka fara sayar wa KGB, hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet, abin da suka kwaso, ta hannun ɗayansu mai tsallakawa Barlin ta Gabas.

Abin da ya tona musu asiri bai kai dala ɗaya ba. A wannan shekarar, a wata cibiyar bincike da ke Berkeley a Kalifoniya, aka ce wa wani masanin taurari, Clifford Stoll, ya duba dalilin da ya sa lissafin kuɗin amfani da kwamfuta ya sami giɓin santi 75. Da wani ne sai ya ce kuskure ne ya wuce. Shi kuwa ya bi diddigi, ya gano wani baƙo ne ke shiga ba izini. Bai toshe ƙofar ba. Ya aro na'urorin buga takarda kusan 50 ya jona wa layukan tarho, duk abin da baƙon ya rubuta sai ya fito a takarda.

Sawun ya kai Jamus, amma injinan tarhon can tsofaffi ne, sai ma'aikaci ya bi waya da hannu, kuma hakan na cin lokaci. Sai Stoll ya ƙirƙiri takardun bogi masu kama da sirrin soja. Baƙon ya zauna yana kwafa har aka gano gidan da yake a Hanover. A 1987 'yan sanda suka bincike gidan. Wanda ke ciki Markus Hess ne, abokin Karl.

Karl kansa bai faɗa wannan tarko ba, sai dai tsoro ya riga ya cinye shi. Kuɗin gado sun ƙare, ƙwaya ta taɓa masa hankali har ya kwanta asibiti. A 1988 ya kai kansa wurin hukumar tsaron cikin gida ya faɗi abin da suka yi. A ganinmu wannan ne abu mafi wuya da ya taɓa yi, domin abokansa ne ya ambata. A Maris 1989 aka kama sauran, labarin ya cika talabijin.

Ranar 23 ga Mayu, 1989, Karl ya fita da motar wurin da yake aikin direba, bai dawo ba. Bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a ƙone cikin wani daji. 'Yan sanda sun ce shi ya kashe kansa, wasu abokansa kuwa ba su taɓa yarda da haka ba. A 1990 kotu a garin Celle ta yanke wa abokansa uku hukuncin ɗauri amma aka jingine shi, babu wanda ya koma kurkuku. A 1998 aka yi fim a kan rayuwar Karl, aka sa masa suna 23.