Marigayi G. Harry Stine, Wanda Ya Raba Yara Da Kwaɓa Albarushi

Duk malamin da ya taɓa riƙe aji a ƙasar Kura ko Bunkure ya san hikimar yaranmu. Da an kawar da amfanin damina za ka ga sun fere karan dawa sun haɗa mota da jirgin sama. Amma kuma cikinsu ba a rasa mai ƙarambani, wanda zai kankare kan ashana ya ɗura a bututun ƙarfe don ya ji ƙara. Wannan wasa na biyu shi ya sa muka ga ya kamata mu ba masu karatu labarin wani Ba'amurke, domin ƙarambani irin wannan ya taɓa cinye yatsu da idanun yara a ƙasarsu, shi kuwa ya samo masa magani ba tare da ya hana wasan ba.

An haifi George Harry Stine a birnin Filadelfiya ran 26 ga Maris, 1928. Ya gama karatun ilmin kimiyya a Kwalejin Kolorado cikin 1952, sa'an nan ya kama aiki a White Sands, wani makeken fili cikin hamadar Jihar Niu Meziko inda sojan Amurka ke gwada manyan rokoki. Cikin ayyukan da ya riƙe a can har da lura da lafiyar filin gwaji, watau tabbatar da cewa rokar da ta kauce hanya ba ta faɗa wa mutane ba. Mu a ganinmu, a nan ya koyi abin da ya amfani yara daga baya.

A farkon 1957 takarda ta zo masa daga wani mai kantin takalma a garin Norfolk na Jihar Nebaraska, sunansa Orville Carlisle. Wannan mutum yana da sha'awar wasan wuta, ɗan'uwansa kuma yana wasa da ƙananan jiragen sama. Tun 1954 ya ƙago wata 'yar roka ta kwali da itace marar nauyi. Asirinta yana cikin injinta, wani ɗan bututun takarda mai kauri kamar yatsa, an danne albarushi a ciki, an toshe gindinsa da yumɓu mai 'yar kafa. In aka kunna, kashin farko ya tura rokar sama, na biyu ya ci a hankali yana fid da hayaƙi don a bi ta da ido, na uku ya hankaɗo hular rokar, 'yar laima ta buɗe, ta sauko sannu. Sai a zare injin da ya ƙone a sa sabo, a sake tashi. Stine ya gwada, ya ga abin ya yi, nan take ya gane muhimmancinsa: yaro zai iya gina roka da hannunsa, amma ba zai taɓa albarushi ba.

Ba a daɗe ba buƙatar ta bayyana. Ran 4 ga Oktoba, 1957, Rasha ta harba Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko. Stine a lokacin yana aiki da kamfanin Martin a Denver. 'Yan jarida suka tambaye shi, ya faɗi ra'ayinsa a fili game da gaban da Rasha ta yi, kamfanin kuwa ya sallame shi. Sa'ad da yake zaune ba aiki, samarin Amurka suka rude da son roka, kowa yana kwaɓa sinadarai a bayan ɗaki yana ɗurawa a bututun ƙarfe. Abin da suke kira roka, a gaskiya bam ne. Da yawa suka nakasa, wasu suka mutu, hukumomi suka fara tunanin haramta abin ɗungum.

Stine bai yarda da hani ba, don ya san yaron da aka hana a sarari zai koma yi a ɓoye. A shekarar nan ta 1957 ya kafa ƙungiyar da ta zama National Association of Rocketry, ya kuma tsara mata dokokin tsaro. Kada a gina jikin roka da ƙarfe, sai takarda da itace mai sauƙi da roba. Kada kowa ya haɗa injinsa, sai wanda aka yi a masana'anta aka gwada. Ba a kunnawa da ashana, sai da wayar lantarki daga nesa. A ƙidaya da ƙarfi kafin a danna, don kowa ya ankara. Ƙungiyar ta kuma hana tashi in gudun iska ya wuce mil 20 a sa'a, ko in akwai busasshiyar ciyawa kusa. Wannan ta ƙarshe ba sai an yi wa mutumin Kadawa dogon bayani ba. Wanda ya ga yadda wuta ke bin tushiyar alkama bayan girbi ya san dalili. An kuma jera injuna da haruffa, A, B, C, kowane harafi ya ninka na bayansa ƙarfi, don uba ya san abin da yake saya wa ɗansa.

Kamfanin da suka kafa shi da Carlisle bai ɗore ba, domin Stine malami ne, ba ɗan kasuwa ba. Wanda ya ci ribar cinikin shi ne Vernon Estes, wanda ya ƙera na'ura mai fid da inji ɗaya kowace daƙiƙa biyar da rabi, har farashi ya sauko ya yi daidai da aljihun ɗan makaranta. A 1959 aka yi gasar ƙasa ta farko a Kolorado. Daga nan wasan ya zama na iyali: uba da uwa da 'ya'ya su fita fili ranar hutu, wannan ya riƙe waya, wancan ya auna nisan tashi da kusurwa, ƙarami ya sheƙa ya ɗauko rokar inda ta sauka. Lissafin da yaro ke gudu a aji, sai ga shi yana roƙon a koya masa.

Kada a ce mu a nan ba ruwanmu da zamanin nan. Amurka ta kafa tashar bin sawun kumbo a Kano, kuma sa'ad da John Glenn ya kewaya duniya ran 20 ga Fabrairu, 1962, ya yi magana da ita, har ya ba da labarin ƙurar da ya hango tana tashi a hamada.

Cikin 1965 Stine ya fitar da littafinsa Handbook of Model Rocketry, wanda aka yi ta sake bugawa. Ya rubuta littattafan hikaya kuma da sunan aro, Lee Correy. Carlisle ya riga shi rasuwa a 1988. Shi kuwa ya rasu a birnin Finiks na Jihar Arizona ran 2 ga Nuwamba, 1997, yana da shekara 69. Ɗansa, wanda ya tashi yana bin uban zuwa filin tashi, shi ya gyara littafin ya fitar da bugu na bakwai a 2004.