Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa da Rigimar Ƙasar Falasɗinu

Wannan taƙaitaccen tarihi ne na Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, da matsayin da ya tsaya a kai tsakanin Larabawa da Bani Isra'ila.

An haife shi a ƙasar Bauchi cikin 1912. Ya fara da karatun allo, sa'an nan ya shiga boko har Kwalejin Katsina, ya fito malamin makaranta cikin 1933. Shi ne ya wallafa littafin Shaihu Umar. Ya zama Firayim Minista cikin 1957, kuma a hannunsa Nijeriya ta karɓi mulkin kai cikin 1960. Mutum ne mai kunya, mai auna magana kafin ya furta ta.

A sani cewa cikin 1948, sa'ad da aka kafa ƙasar Isra'ila, Falasɗinawa kimanin 700,000 suka rabu da gidajensu da gonakinsu. Abin ya yi wa Musulmin Arewa zafi ƙwarai, balle kuwa akwai zuriyar alhazan ƙasashenmu da suka zauna a Ƙudus, daura da ƙofar Masallacin Aƙsa.

To, cikin 1960 sai Gwamnatin Tarayya ta ƙulla yarjejeniyar rance da Isra'ila, aka kuma yarje mata ta buɗe ofishin jakadanci a Ikko. Sardaunan Sakkwato, Alhaji Ahmadu Bello, ya ƙi, gwamnatinsa ta bayyana babu hannunta a ciki, alhali kuwa Arewa tana neman jari ruwa a jallo, masana'antun Bompai a Kano sa'an nan suke tasowa. Ga shi Sardauna ne shugaban jam'iyyar da Abubakar ke ciki. Duk da haka Abubakar bai janye ba. Ra'ayinsa shi ne Nijeriya ta yi zumunci da ɓangarorin biyu, kada ta sa kanta cikin faɗansu. Ya karɓi jakadansu, amma bai aika nasa can ba. Ko da Golda Meir, ministar harkokin wajensu, ta zo Ikko cikin 1964, Musulmi da yawa sun nuna ƙyama, shi kuwa ya bar ƙofa a buɗe.

Kowannensu da hujjarsa. Sardauna ya ga ba ya kyautuwa mutum ya ci daga akushin wanda ya fitar da ɗan'uwansa daga gida. Abubakar kuwa amanar ƙasa ce a wuyansa, mai Musulmi da Kirista, ga Jihar Gabas da ta Yamma tuni suna hulɗa da kamfanonin Isra'ila. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa raba gardama a rumfa ya san wanda ya yi gaba da ɗaya ba ya iya shiga tsakani. Sai dai gaskiya ɗaya ce: wannan kamewa ta tsare zaman lafiyar Nijeriya, amma ba ta mayar da ko ɗan gudun hijira guda gidansa ba.

Ranar 15 ga Janairu 1966, cikin watan azumi, sojoji suka yi juyin mulki, suka kashe Sardauna a Kaduna, suka ɗauke Abubakar daga gidansa a Ikko. Bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Abeokuta, aka kai shi Bauchi aka yi masa sutura. A bayansa Nijeriya ta yanke hulɗa da Isra'ila cikin 1973, ta amince da ƙasar Falasɗinu cikin 1988, ta kuma maido da hulɗar cikin 1992. Allah ya jiƙansu duka biyu, amin.