José Rizal, Likita Mai Binciken Tarihi

An haifi José Rizal a Kalamba, cikin tsibiran Filifin, a shekara ta 1861. Ya koyi aikin likitan ido, gama mahaifiyarsa tana makancewa. A zamanin nan mutanen Sifen ke mulkin ƙasar, suna raina mutanenta, sai ka ce ba su san kome ba kafin zuwansu. A 1888 ya tafi Landan, ya kwafe tsohon littafin Antonio de Morga na 1609 da hannunsa, ya ƙara bayani, ya nuna kakanninsa suna da rubutu da fatauci da jiragen ruwa tun dā. Masu mulki suka zarge shi da tawaye, suka harbe shi a Manila ran 30 ga Disamba, 1896. Kai fa, mai karatu, ka san labarin kakanninka?