Octavia Butler: 'Yar mai aikatau da ta kai tambayar 'yanci cikin kumbo

A watan Maris na 2021 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta raɗa wa wurin da na'urarta mai suna Perseverance ta sauka a duniyar Mars sunan Octavia E. Butler. A lokacin matar ta shekara 15 da rasuwa. Marubuciya ce baƙar fata, wadda ta yi yawancin rayuwarta tana hawa motar haya, kuma cibiyar da ke sarrafa na'urar tana gefen garin Pasadena, inda uwarta ta yi shekaru tana share gidajen Turawa. Littattafanta cike suke da kumbo da baƙin halittu da sauya ƙwayoyin gado, amma tambaya ɗaya ta yi ta jujjuyawa har ta mutu: idan wanda ya fi ka ƙarfi ya cece ka, sannan ya gindaya maka sharaɗi, shin amincewar da ka yi amincewa ce?

Masu karatun Hausa ba baƙi ba ne ga labarin tafiya sama. Tun 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda wata halitta ta ɗauki yaro ta yi yawo da shi a samaniya. Butler ta hau irin wannan kumbo, sai dai ta loda masa siyasa.

Ƙuruciya a ƙofar baya

An haifi Octavia Estelle Butler ranar 22 ga Yuni, 1947, a Pasadena ta jihar Kalifoniya. Mahaifinta, Laurice, mai goge takalma ne, ya rasu tana ƙarama. Uwarta da kakarta ne suka raine ta cikin tsananin tarbiyyar cocin Baptis. Uwar takan tafi da ita wurin aiki, a nan yarinyar ta ga yadda ake shigar da mahaifiyarta ta ƙofar baya, ake kuma yin magana a kanta tana tsaye kamar ba ta wurin. Abin ya ba ta kunya tana yarinya. Sai da ta girma ta gane cewa wulaƙancin da uwar ta haɗiye shi ne tuwon da ta ci.

Doguwa ce fiye da tsararrakinta, ga tsananin kunya, ga wata lalura da ke rikita mata haruffa idan tana karatu. Yara suka mai da ita abin tsokana, ita kuwa ta mai da ɗakin karatun garin mafakarta. Tana shekara 10 ta roƙi uwarta ta saya mata keken rubutu. Tana shekara 12 ta kalli wani fim mai suna Devil Girl from Mars a talabijin, ta ga rashin kyansa, ta yanke cewa za ta iya rubuta wanda ya fi shi. Daga ranar ta kama ƙagaggun labaran kimiyya, fagen da a wancan zamani kusan duk masu rubuta shi Turawa ne maza.

Ta gama sakandare a 1965, ta samu takardar shaida a fannin tarihi daga kwalejin Pasadena a 1968. Marubuci Harlan Ellison ya ga aikinta a wani ajin koyon rubutu, ya ƙarfafa mata gwiwa ta halarci taron horon marubuta na Clarion a 1970. Labarinta na farko ya fito a 1971, daga nan sai ƙofa ta rufe. Shekara biyar tana aika rubutu ana dawo mata da shi. Ta yi wanke-wanke, ta yi tallar kaya ta waya, ta yi aikin duba soyayyen dankali a masana'anta. Takan tashi ƙarfe 2 ko 3 na dare ta yi rubutu kafin ta fita neman abinci. Sai a 1976 littafinta na farko, Patternmaster, ya fito.

Bayi da masu kiwon mutane

Littafin da ya fito da sunanta shi ne Kindred na 1979. Asalinsa wata magana ce da ta ji daga bakin wani ɗalibi ɗan gwagwarmayar baƙar fata, wanda ya zargi iyaye da kakanni da miƙa wuya ga Turawa. Butler ta ga cewa saurayin ya san tarihin bauta a ka, bai san shi a jiki ba. Sai ta ƙirƙiri Dana, matashiya ta 1976, wadda ake fizga zuwa gonar bayi a Maryland a farkon ƙarni na 19, don ta ceci ran wani Bature mai bayi wanda shi ne kakan kakanninta. In ta bar shi ya mutu, ita ma ba za a haife ta ba. Kafin ta rubuta shi sai da ta hau bas ta tafi Maryland ta taka ƙasar da ƙafarta.

A 1980 ta fitar da Wild Seed, wato irin jeji, wanda ya fara a ƙasar Ibo a shekarar 1690. Anyanwu mace ce mai iya sauya siffarta da warkar da jikinta. Doro kuwa wani ne da ya shekara dubbai yana tara mutane masu baiwa yana haɗa su aure yadda makiyayi ke zaɓen bijimi. Yana kare su daga masu farautar bayi, yana ciyar da su, yana kuma kashe duk wanda ya ƙi bin tsarinsa. A nan tambayar Butler ta fara fitowa fili.

Lambobin yabo suka biyo baya. Ta samu kyautar Hugo a 1984, ta sake samun ta a 1985 da labarin Bloodchild, wanda ya kuma ci kyautar Nebula. Labarin mutane ne 'yan gudun hijira a wata duniya, waɗanda masu masaukinsu ke ba su kariya, su kuma suna biyan haya da jikinsu.

Lilith a cikin kumbo

Shekarun 1980 shekarun fargabar yaƙin nukiliya ne tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet. Butler ta ji 'yan siyasar zamanin Ronald Reagan suna maganar yaƙin nukiliya kamar abin da za a iya ci a zauna lafiya, ta ce a ranta lallai akwai wata ɓaraka a halittar ɗan Adam. Ta je dajin Amazon na ƙasar Peru ta yi bincike, sannan ta rubuta littattafai uku a jere: Dawn a 1987, Adulthood Rites a 1988, da Imago a 1989. A 2000 aka haɗa su wuri ɗaya da sunan Lilith's Brood.

Lilith Iyapo, wadda ta samo sunanta daga mijinta ɗan asalin Nijeriya, ta farka a wani ɗaki marar ƙofa. Shekara 250 ke nan da yaƙi ya hallaka duniya. Tana cikin wani ƙaton kumbo wanda shi kansa abu ne mai rai, mallakar wasu halittu da ake kira Oankali. Sana'arsu fataucin ƙwayoyin gado: duk al'ummar da suka tarar sai su cakuɗa jininsu da nata, su fito da sabon iri. Jinsinsu uku ne, namiji da mace da ooloi, kuma ooloi ne ke tsara ƙwayoyin ɗan da za a haifa. Ba sa kisa da gangan, ba su da sarki. Sun kwashe ragowar mutane, sun warkar da su, sun cire wa Lilith ciwon daji, sun gyara ƙasar da aka ƙona.

Hukuncinsu a kan ɗan Adam shi ne ya haɗa abu biyu da ba sa zama tare, wato kaifin basira da son ɗaukaka kai bisa ɗan'uwa, kuma ko an sake shi sau goma zai sake hallaka kansa. Saboda haka suka hana kowa haihuwa sai ta hanyarsu. Wanda ya ƙi zai yi tsawon rai da lafiya, amma zai mutu ba magaji. Suka ɗora wa Lilith aikin tada mutum kusan 40 daga barci ta shirya su. Mutanenta suka kira ta maciya amana, su kuwa Oankali suka yi mata ciki ba tare da sun tambaye ta ba, bisa hujjar cewa sun karanta jikinta sun san abin da take so fiye da bakinta.

Butler ba ta ba mai karatu wurin hutawa ba. Mutanen da suka ƙi sharaɗin sun kafa ƙauyuka, suka ƙera bindigogi, suka shiga satar mata da yara, kamar suna gaskata hukuncin da aka yi musu. A littafi na biyu ɗan Lilith mai suna Akin, ruwa biyu, shi ya tsaya gaban dangin Oankali ya nemi a ba masu ƙin yarda duniyar Mars, a mayar musu da haihuwa. Hujjarsa ita ce al'umma tana da haƙƙin ta gwada, ko da masu ilmi sun tabbata za ta fāɗi.

Daga kumbo zuwa gonar Musawa

Manomin Musawa ko Malumfashi ko Funtuwa ya san fataucin iri tun kafin a rubuta waɗannan littattafai. Ya san irin da ake ajiyewa a rumbu daga kaka zuwa damina, ya kuma san ingantaccen irin masara da sai an sake saye kowace shekara in ana son yabanya ta yi kyau. A Disambar 2019 aka amince da waken SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta samar ta hanyar sauya ƙwayoyin halitta don ya jure wa tsutsar da ke huda kwanso. A 2024 masarar TELA ta biyo baya, muhawara ta kaure har a Majalisar Wakilai. Masu goyon baya na nuna raguwar feshin magani da ƙaruwar amfani. Masu adawa na tambayar wa zai mallaki irin gobe.

Littattafan Butler ba su yanke wannan shari'a ba, kuma masanan Samaru 'ya'yan ƙasar nan ne, ba baƙi daga sama ba. Abin da karatunta ke koya wa matashi shi ne ya raba tambaya biyu da ake yawan cakuɗawa: ko abu yana da amfani, da kuma ko an tambayi mai gonar alhali yana da ikon cewa a'a. Kano ta ɗanɗana ɗacin tambaya ta biyu. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara kusan 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya jawo shari'ar shekaru kan batun izinin iyaye. Kamfanin ya musanta laifi, aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009, amma rashin yardar da abin ya shuka yana cikin abubuwan da aka ambata lokacin ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003.

Shekarun ƙarshe

A 1993 ta fitar da Parable of the Sower, labarin wata yarinya mai suna Lauren Olamina a Amurkar da fari da tsadar ruwa da rashin tsaro suka ruguza, kuma labarin ya fara ne a shekarar 2024. Na biyunsa, Parable of the Talents na 1998, ya ci kyautar Nebula. A 1995 ta zama marubuciyar ƙagaggun labaran kimiyya ta farko da ta samu tallafin gidauniyar MacArthur, dala 295,000, kuɗin da ya raba ta da fargabar haya a karon farko.

Uwarta ta rasu a 1996. A 1999 ta koma Lake Forest Park kusa da Seattle. Hawan jini da magungunansa suka rage mata kuzari, ta yi ta fara littafi na uku na labarin Olamina, wanda zai kai mutane wata duniya, tana watsarwa. Littafinta na ƙarshe, Fledgling, ya fito a 2005. Ranar 24 ga Fabrairu, 2006, ta fāɗi a ƙofar gidanta, ta rasu tana da shekara 58. Ba ta yi aure ba, ba ta bar ɗa ba.

Takardunta suna ɗakin karatu na Huntington a Kalifoniya. A cikinsu akwai littattafan rubutu inda ta riƙa rubuta wa kanta alkawarin cewa wata rana littattafanta za su shiga jerin waɗanda aka fi saye, kuma za ta taimaka wa yaran baƙar fata matalauta su yi karatu. A Satumbar 2020, ana tsakiyar annobar korona, Parable of the Sower ya shiga jerin jaridar New York Times, shekara 14 bayan an binne ta. Akwai kuma tallafin karatu da sunanta, wanda ke biya wa sababbin marubuta kuɗin halartar Clarion, inda ita ma ta fara.