William Grove, alƙalin da ya samo lantarki daga iskar haidurojin

Mazauna Zongon Kwatano sun san hayaƙin 'yan zemijan masu rawayar riga, sun san warin kwalaben man kpayo a bakin titi. Yau ana ƙera motocin da ba sa fitar da komai sai ruwa, kuma tushensu gwajin wani lauya ne ɗan Birtaniya da bai taɓa nufin ƙera mota ba.

An haifi William Robert Grove ranar 11 ga Yuli 1811 a Swansea, yankin Wales. Ya yi karatu a Oxford, ya zama lauya a 1835, amma rashin lafiya ya rage masa zuwa kotu, sai ya duƙufa kan binciken lantarki.

Kafin shi an san cewa lantarki na raba ruwa gida biyu: haidurojin da iskar oksijin. Grove ya juya al'amarin. A 1839 ya tsoma siraran farin ƙarfen filatinam cikin ruwan asid, ya rufe ɗaya da kwalbar haidurojin, ɗaya da ta oksijin, ya haɗa su da waya. Lantarki ya gudana, iskokin biyu suka koma ruwa ba tare da an kunna wuta ba. A 1842 ya jera irinsu da yawa, har ƙarfinsu ya isa raba wani ruwan.

Abin mamaki, ba wannan ya yi masa suna a lokacin ba. Wani batirinsa ne na daban, wanda kamfanonin wayar tangarahu suka rungume, ga shi yana tada hayaƙi mai guba a ofisoshinsu. Na haidurojin kuwa ƙarfinsa kaɗan, filatinam da tsada, aka ajiye shi gefe.

Grove ya koma shari'a. Yana cikin lauyoyin da suka kare William Palmer, likitan da aka rataye a 1856 kan kisa da guba. Ya zama alƙali a 1871, ya rasu a Landan ranar 1 ga Agusta 1896.

Sai bayan shekara saba'in dabarar tasa ta ba kumbon Apollo lantarki da ruwan sha. Wahalar da ta rage ita ce samun iskar da adana ta: akasarinta daga iskar gas ake tace ta har yanzu, kuma saboda rashin nauyinta, motar Toyota Mirai sai an matse ta a tanki da ƙarfin bar 700.